Ƙarfe Ba Ya Shan Magani, In Ji Ni

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun da farko. Kuma ranar auren 'yar Aghali ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Aghali direba ne a mahaƙar ma'adinan garin Akokan, ni kuma mai gyaran bututun ruwa. Ciwon zuciya ne ya haɗa mu. A shekara ɗaya aka saka wa kowannenmu ɗan bututun waya a jijiyar zuciya don ta zauna a buɗe, irin na ƙarfe zalla wanda ba a shafa masa magani ba. Tun daga nan kullum da la'asar muna tare a ƙofar gidansa, yana dafa shayi, ina surutu.

Shi bai taɓa tsallake ƙwayoyinsa ba. Ni kuwa bayan shekara biyu na watsar da nawa (wai ni masanin bututu, likita zai koya mini ƙarfe?). Shekara bakwai lafiya lau, kaina ya ƙara girma.

Ranar auren, da safe, maza sun cika rumfa ana jiran liman. Aghali ya ciro ƙwayarsa zai haɗiya. Sai na miƙe, na bugi ƙirji, na ce a gaban surukansa, "Ku dubi tsoho da abincin kaji! Ƙarfe ba ya shan magani." Aka yi dariya. Don in cika baki na sunkuci buhun shinkafar biki na saɓa a kafaɗa.

Taku huɗu na yi. Na biyar sai na ji kamar an ɗora mini mota a ƙirji. Na zube, buhu ya fashe, hulata ta gangara ƙarƙashin kujerar uban ango.

Aghali ne ya kai ni asibiti da kansa. Aka ɗaura auren 'yarsa ta fari yana zaune a bakin gadona, riƙe da takalmina.

Daga baya a Yamai, inda aka yi mini aiki, likita ya nuna mini hoton zuciyata. Ƙarfen na nan garau, amma tsoka da kitse sun taru a cikinsa sun rage hanyar jini. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa a hankali. Ya ce to ai na fi shi sanin cewa bututu ba sai ya karye yake toshewa ba.

Kunya ta hana ni komawa shayi. Ina ta cewa gobe, har aka rufe mahaƙar, Aghali ya koma garkarsa a can garin Timia. Yanzu idan na bi ta layinsu nakan rage tafiya, ko da yake wasu ne a gidan. Ashe girman kai ma toshewa yake yi, kuma shi ba a yi masa aiki a Yamai.

Bana na nemi lambarsa, na buga masa waya. Da ya ɗauka, bai tambayi komai ba sai ko ina shan magani.

Na ce, "Ina sha, Aghali. Na kunyata ka a gaban surukanka, na hana ka fatihar 'yarka. Ka yafe mini, ɗan'uwa."