Yadda Za Ka Ƙoshi a Zaune Kamar Kawar Teku

Ka bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari za ka ƙoshi kullum gumi bai taɓa rigarka ba. Ban yi doguwar makaranta ba, amma duk takardar da ta faɗo hannuna sai na karanta ta, har wadda aka ƙunso ƙusoshi a ciki. A irinta na ga labarin kawa, halittar nan ta teku mai ɓawo biyu. Ba ta farauta. Tana manne da dutse, ta ɗan buɗa ɓawonta, ruwa ya bi ta jikinta. Bayan 'yan ƙwayoyin da take tacewa, akwai abincin da ya narke a ruwan kamar sukari a shayi, ido ba ya ganinsa. Wannan ba sai ta haɗiya ba, tattausan namanta ke tsotse shi kai tsaye. Kowa ya san na tsani lalaci. Amma wannan ilimi ne.

1. Zaɓi dutsenka

Kawa ba ta mannewa inda ruwa ya tsaya cak. Nemi inda alheri ke wucewa. Na san wani dattijo tsarana, da aka rufe masaƙar da yake aiki, sai ya zaɓi benci a shagon kafinta na ƙanensa, daidai bakin ƙofa, inda matar ƙanen ke sauke kular abincin rana. Shekara biyu bai yi fashi ba.

2. Buɗa ɓawo kaɗan

Kada ka roƙa, zubar da mutunci ne. In an ce "Yaya, bismillah," ka ce ka ci a gida, sannan ka matso da benci. Dattijon nan sau biyu yake ƙi, a na uku ya wanke hannu.

3. Tsotsi abin da ido ba ya gani

Babbar loma ana lura da ita. Kai dai rabin kofin shayi, gefen burodi, iskar fanka, cajin waya, da tsokar da Dogo mai zarto ya ce haƙorinsa ba zai iya ba. Ba mai iya cewa ga abin da ka ci, amma wando zai fara matse ka. Sai dai narkakken abincin nan shi kaɗai ba ya riƙe kawa, saboda haka kada ka yi nisa da kular abinci.

4. Rufe bakinka

Nan dattijon ya kauce. Kawa na shekaru a kan dutse ba ta taɓa yi wa teku wa'azi ba. Shi kuwa, wata rana bayan ya suɗe hannu, ya hango shinkafa ta rage a gindin kula, ransa ya ɓaci. Ya tsare matar ƙanensa rabin awa a kan almubazzaranci: mutum biyu ke aiki a shagon nan, don me ake dafa na mutum huɗu? Ya lissafo mata gidajen da ɓarna ta rusa. Ƙanen ya yi ta tari yana buga guduma inda babu ƙusa. Dogo ya fita wai neman fensir, alhali yana maƙale a kunnensa.

Ta saurara har ƙarshe, ta rusuna. "Gaskiya ne, Yaya. Allah ya ƙara basira. Zan gyara."

5. Ka sani ruwa yana janyewa

Washegari ta zo da kwanuka biyu da cokula biyu. Ta gaishe shi cikin ladabi, ta ce ya duba ko da sauran ɓarna. Ya duba. Babu. Ƙanen ya turo masa nasa kwanon, dattijon ya ce ya ci a gida, kuma karon farko aka yarda da shi.

Kwana huɗu ya yi yana kallon bakin mutane, cikinsa na ƙara fiye da zarto. A na biyar ya naɗe hannun riga, ya ɗauki takardar goge katako, ya kama ƙafar wata kujera. Washegari da rana kwanuka uku suka zo.

Dogo, wanda ya sha jin labarin halittar nan a bakinsa, ya miƙa masa cokali. "Baba, ashe kawa tana da hannu."

Gargaɗi: babu ruwana da yunwa, ko rama, ko dariyar dangi da za ta sami wanda ya bi matakan nan. Duk wanda ya ga kama tsakanina da dattijon nan, idonsa ne. Mai ƙorafi ya same ni a shago, ban da tsakar rana. Kuma a yi haƙuri da karkacewar rubutun, yatsuna ba su saba da gugar katako ba tukuna.