Minti Goma Sha Biyar na Dakta Yelwa

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa Abuja baiwa da su, a fara da Alhaji Dakta Nuraddeen Yelwa, a huta, a sha ruwa, sannan a tuna da sauran. Mutum ne da ya san darajar lokaci fiye da kowa a Sakatariya. Shi ya sa yake ɗaura agogo biyu: na dama yana nuna lokacin Najeriya, na hagu yana nuna na Landan, ko da wani abu zai taso a can a nemi shawararsa. Har yau dai ba a nema ba, amma zama cikin shiri ai ba laifi ba ne. Mu ma'aikatansa Mai Agogo Biyu muke ce masa a bayan ido, a gaban ido kuwa Oga. A tarihinsa bai taɓa makara zuwa mitin ba, don ba a fara mitin sai ya iso.

Shekarun nan ne da gangar mai ta haura dala ɗari, farar hula suna kan mulki, duk wanda ya samu kwangilar kwalbati ɗaya ya daina shiga mota. Jirgin Legas cika yake yi tun ana saura kwana uku. Tirelolin siminti na Dei-Dei ba sa hutawa, masu kafa kwamiti ma haka. A wata hukuma da ba zan faɗi sunanta ba, don ina son in ci fanshona lafiya, aka kafa Kwamitin Musamman na Daidaita Sauka da Tashin Jirage, aka ɗora Dakta a kai.

Matsalar da aka ba shi, ko mai sayar da ayaba a ƙofar filin jirgi ta san ta. Jirgin kamfanin Shamuwa yana tasowa daga Yola ya sauka Abuja ƙarfe goma da minti arba'in na safe. Jirgin kamfanin Balbela mai zuwa Legas yana tashi goma da rabi. Wato mutumin Yola yana saukowa, yana hangen jirginsa ta taga yana hawa sama. Jiragen yamma kuwa a cike suke. Sai mutum ya nemi ɗan'uwa a unguwar Dutse Alhaji ya kwana, ya bar wanda yake jiransa a Legas da jira.

Dakta ya dubi lamarin, ya ce wannan ba abin gaggawa ba ne, abin nazari ne. Ya je Dubai ya ga yadda suke yi. Ya je Jamus ya ga yadda suke yi. Ya koma Dubai, don karon farko hankalinsa bai kwanta ba. Ya dawo da hotuna da turare da kalmomi masu nauyi, aka shafe wata takwas ana mitin, jirgin Yola na nan yana sauka goma da arba'in.

A ofishin akwai sakatariyarsa, Perpetual Kure, mace marar yawan magana da ke zaune a Nyanya. Mota uku take canjawa kafin ta iso aiki, shekara goma sha ɗaya ke nan, don haka in dai maganar sauka daga wannan a kama wancan ce, ta fi dukkanmu digiri. Kuma abin ya shafe ta kai tsaye. Mahaifiyarta, Mama Magdalene, tana zaune a Jimeta wajen ɗanta Jacob. Idonta na dama ya riga ya tafi, na hagu yana bin sahu. Akwai likitan ido da yake zuwa wani asibiti a Legas sau biyu kacal a shekara. A zuwansa na farko an ba Mama rana, ta taso daga Yola, ta sauka Abuja goma da arba'in. Sauran labarin kun san shi. Ranar na ga Perpetual tana kuka a bayan injin kwafe takardu, ba ta so kowa ya gani ba. Aka sake ba su wata Talata a watan Nuwamba, ƙarfe biyu na rana, likita ya ce in aka wuce wannan ba abin da zai iya yi.

Don haka Perpetual ta yi ƙarfin hali ta rubuta takarda shafi ɗaya ta saka a fayil. Ta ce fasinja sai ya sauka, ya jira kayansa, ya fita waje, ya sake bin layin Balbela, a auna kaya, a caje shi, sannan ya shiga. A bar masa awa ɗaya da rabi, a sa jirgin Yola ya yi sammako, shi ke nan.

Dakta ya karanta a gabanmu, ya cire tabarau, ya yi murmushin tausayi.

"Madam Kure," ya ce, "wannan tunanin tashar mota ne. Mu sararin samaniya muke magana. Awa ɗaya da rabi? A Jamus mutum ya yi awa ɗaya da rabi a filin jirgi, sai a tambaye shi ko lafiya. Ni ba na aiki da jita-jita. Ni mutumin kimiyya ne. Da kaina zan gwada, da ƙafata, da agogona."

Madalla da shugaba mai sadaukarwa! Aka sa ranar gwaji, aka roƙi Shamuwa ta taso da wuri ranar kawai. Tun jajibiri direba ya wuce Legas da akwatunan Oga a mota, don kada su wahalar da shi. Oga ya zauna kujerar farko a jirgin Yola. Ana buɗe ƙofa, ga baƙar jip a gindin matakala, ga jami'in furotokol riƙe da katin shiga jirgin Legas. Jip ta zagaya da shi, ta ajiye shi a gindin matakalar Balbela. Oga ya danna agogo. Minti tara! Wallahi ko takalminsa bai yi ƙura ba. Abin da kimiyya ba ta rubuta ba shi ne, Shamuwa ta makara ranar, Balbela kuma ta yi minti ashirin tana jiransa da fasinja a ciki suna fifita da jarida. Perpetual ce ta buga wayar a riƙe jirgin, kamar yadda aka saba sa ta kullum in Oga zai yi tafiya.

Washegari ya tara mu.

"Minti tara na yi," in ji shi. "Amma ni ba kowa ba ne, na sani. Dole shugaba ya tuna da mai rauni, da tsoho, da mai goyo. Saboda haka na ƙara wa talakawa minti shida daga zuciyata. Minti goma sha biyar. Jirgin Yola zai sauka goma da kwata, na Legas ya tashi goma da rabi. Wannan shi ne Tsarin Yelwa, kuma ina sa ran ƙasashen maƙwabta za su aiko a koya musu."

Muka tafa. Me za mu yi? Akwai mai 'ya'ya a makaranta a cikinmu. Tafin ya yi wa Oga daɗi har ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba. Ya sa Perpetual ta buga takardar umarni zuwa ga kamfanonin biyu: daga ranar ƙaddamarwa, kada a sake riƙe jirgi saboda kowa, komai girmansa, ko da minti ɗaya. Ya sa hannu da koren biro, ya zana layi biyu a ƙarƙashin "komai girmansa". A ransa dai wasu yake nufi.

Aka sa ranar ƙaddamarwa, sai ta faɗo daidai Talatar Mama Magdalene. Shirin ya tsaru gwanin sha'awa. Oga zai yanke kirtani a Yola, ya hau jirgin farko na sabon tsari, ya canja a Abuja a gaban 'yan jarida, ya wuce Legas inda wata ƙungiya za ta ba shi lambar Gwarzon Kiyaye Lokaci. Perpetual kuwa, da yake ita ce ta buga jadawalin da hannunta, ba ta yarda ta ɗora idon uwarta a kansa ba. Tun ranar Litinin ta sa Jacob ya kawo Mama Abuja, suka kwana a ɗakinta na Nyanya. Kafin ƙarfe tara na safiyar Talata suna zaune a filin jirgi da katinsu a hannu.

A Yola kuwa an kafa rumfa, an shigar da fasinjoji jirgi tun tara saura kwata, don a tashi tara da minti biyar daidai. Oga ya karɓi makirufo ya ce ba zai tsawaita ba.

"Jama'a, abin da ya kashe mu a ƙasar nan shi ne rashin mutunta lokaci. Bature in ya ce ƙarfe tara, tara yake nufi. Mu kuwa? A ce tara, mutum ya zo goma, yana tafe yana gaisawa! Wannan ɗabi'a yau ta zo ƙarshe. Amma kafin in shiga bayani, bari in ɗan ba ku tarihin yadda na fara tunanin wannan tsari tun ina aji uku a sakandare."

Minti hamsin ya yi yana yaƙi da makara. Matuƙin jirgi ya leƙo ta taga sau biyu. Wata mata ta sauko ta sayi ruwa ta koma. Jirgin farko na Tsarin Yelwa ya bar Yola goma saura minti biyar. Oga ko a jikinsa, ya san Balbela ba ta taɓa tafiya ta bar shi ba.

A Abuja, goma da minti ashirin, Nicholas manajan Balbela ya zo ya samu Perpetual a bakin ƙofar shiga jirgi. Mama da Jacob sun riga sun shiga.

"Madam, Oga bai sauka ba. Mu riƙe masa kamar kullum?"

Perpetual ta yi lissafi a ranta. Ta san hanyar asibitin daga filin jirgin Legas awa biyu ce in go-sulo ya yi kirki. In jirgin nan ya tashi kan lokaci, Mama za ta isa biyu saura kwata. In aka jira Oga, likita ya tafi, ido ya tafi. Ta kuma san abin da ake yi wa sakatariyar da ta bari jirgi ya bar oganta. Ta buɗe jaka, ta zaro takardar nan mai koren sa hannu ta miƙa masa.

"Oga Nicholas, ni ba ni da magana. Ga abin da Oga ya rubuta."

Nicholas ya karanta, ya kai kan layi biyun nan, ya ɗaga kai ya dube ta, ya ɗauki rediyonsa ya ce a rufe ƙofa. Balbela ta tashi goma da rabi cif. Ma'aikatan filin suka fito suna kallo, wani tsoho mai tura kaya ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa ganin haka ba.

Sha ɗaya da minti biyar Oga ya sauko daga Shamuwa, babbar riga tana ɗaukar ido, yana ɗaga wa kyamara hannu. Jip ta zagaya da shi kamar yadda aka saba, ta tsaya a inda jirgi ya kamata ya kasance. Babu komai a wurin sai matakala da wani ɗan tabon mai a ƙasa. Ya dubi agogon dama. Ya dubi na hagu. Babu wanda ya taimake shi a cikinsu.

"Wane ne ya ba su izinin tashi?"

Perpetual ta ɗan rusuna, ta miƙa takardar da hannu biyu. "Kai ne, Oga."

'Yan jarida suka matso da makirufo. Oga ya karanta rubutunsa kamar yau ya fara ganinsa, ya tambayi jirgi na gaba. Aka ce duk sun cika har na jibi.

"Sai dai motar Legas a tasharmu ta Nyanya, Oga," in ji Perpetual a hankali. "Ita tana jira. Ba ta tashi sai ta cika."

Lambar Gwarzon Kiyaye Lokaci dai direbansa ne ya karɓa a madadinsa, tunda shi ya isa Legas tun jajibiri da akwatuna. Fasinjojin Yola arba'in da wani abu suka watsu neman wurin kwana, suna yi wa sabon tsari addu'ar da ba ta rubutuwa. Oga ya so ya ba Perpetual takardar tuhuma, amma duk yadda ya juya maganar sai ta dawo kan koren bironsa. Da jarida ta buga cewa jirgi ya tashi kan lokaci ya bar babban mutum a ƙasa, sai ya ce ai da gangan ya yi, don ya zama darasi. Bayan sati biyu, ba rumfa ba makirufo, aka sa jirgin Yola ya riƙa sammako, aka bar wa fasinja awa ɗaya da rabi. Sunan wannan Tsarin Yelwa na Biyu.

A satin ne Mama Magdalene ta dawo daga Legas, an cire bandeji, idon hagu ya buɗe tas. Perpetual ta gaya mata cewa takardar Oga ce ta sa jirginsu bai makara ba, ba ta ƙara komai a kai ba. Tsohuwa ta ce sai ta zo ta yi godiya da bakinta. Ta shigo ofis da kwanon soyayyar gyaɗa, ba mai riƙe mata hannu. Oga ya sa aka kira mu duka mu shaida, ya miƙe, ya ba ta hannu biyu, ya fara bayani a kan yadda shugabanci yake taɓa rayuwar talaka.

Mama ta riƙe hannayen nasa tana sa masa albarka. Can sai ta sunkuya, ta ƙura wa na dama sabon idonta, ta koma kan na hagu.

"Ɗana," ta ce, "wannan na hagun baya yake da awa ɗaya. Ka kai a gyara maka, kada wata rana jirgi ya tafi ya bar ka."