Rasuwar Hita 'Yar Jidda a Ranar da Wuta Ta Zo Cikakkiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da ƙaurin roba, Ustaz Bilyamin Garba, tsohon malamin fiziya a wata sakandare ta Rufa'a, yana sanar da 'yan'uwa na gabas da yammacin kogi rasuwar Hita 'Yar Jidda, murhun lantarki mai baki ɗaya. Ta cika ranar Talata da hantsi, da tukunyar shayi a kanta.

Marigayiya ta shigo gidan nan cikin jakar aikin hajji. Ustaz ya sayo ta ne don matarsa, Hajiya Hindu, wadda hayaƙin gawayi ke tayar wa da ciwon ƙirji. Tun daga ranar tarin Hajiya ya lafa. Marigayiya ba ta hayaƙi, ba ta toka, ba ta neman a yi mata fifita. Iyakar maganarta in an kunna ta ita ce "tik… tik… tik," sannan ta yi ja ta kama aiki.

Lalurarta ɗaya: an haife ta a kan wuta mai volt 110, alhali tamu a takarda 220 ce. Don haka tare da ita aka sayo muhawwil, wani akwati mai nauyi da ke raba mata ƙarfin wuta biyu. Da yaƙi ya kori mutanen gari zuwa ƙauye, Ustaz ya binne ta a cikin buhun dawa, ya bar muhawwil a fili yana cewa ba mai iya ɗaukarsa. Waɗanda suka shiga gidan sun iya.

Bayan dawowa, da aka maido da wuta, Hajiya ta hana a jona ta. Amma Ustaz mutum ne mai ilimi. Ya ɗauko ma'auninsa ya zura a soket, allura ta ja jiki da ƙyar ta tsaya a 120.

"Kin gani, Hajiya?" in ji shi. "Tun da aka kafa falwaya a garin ga, kahraba, wato lantarki, ba ta taɓa kai abin da aka rubuta ba. Masu ba mu wuta su ne muhawwil."

"Ya Ustaz, in wata rana suka gyara hali fa?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Haka marigayiya ta ci gaba da hidima cikin ƙoshin lafiya, bisa amanar da mai gidanta ya ba sakacin hukuma.

Ranar Talata wani babban jami'i ya zo duba gyaran hanyoyin ruwan gonaki. Don girmama shi, aka sako wuta yadda aka rubuta ta. Fankoki suka yi gudun da ba su taɓa yi ba. Marigayiya ta ce "tik" sau ɗaya, ta yi ja, ta yi fari, ta ce "zzzz." Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fat!" Motar jami'in na barin gari wuta ta bi bayanta.

Ustaz bai yarda wani ya binciki gawar ba. Da kansa ya ɗauki gawayi ya yi lissafi a bango. A jikinta an rubuta volt 110, ampiya 5. Ya raba na farko da na biyu, ya sami turjiyarta, wato taurin da take yi wa wuta: om 22. Ya ninka su, ya sami abin da cikinta ke ɗauka: wat 550. Ranar ajali kuwa, volt 220 a kan om 22 ya tura mata ampiya 10, kuma 220 sau 10 wat 2,200 ke nan. Abincin mutum huɗu aka ɗura mata a zama ɗaya. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Hajiya ta dubi bangon, ta ce lissafi ya yi kyau, sai dai da an yi shi ranar Litinin.

Iyali na ɗora alhakin wannan rashi a kan waɗanda suka yi aikinsu daidai ba tare da gargaɗi ba.

Marigayiya ta bar tukunya ɗaya mai baƙin gindi, da jabana, butar gahawa, da yanzu ba ta da inda za ta zauna, da maƙwabci Jibo, wanda ya saba zuwa gaisuwa daidai lokacin da ruwa ke tafasa, kuma shi ya fi kowa kuka.

Za a kai ta makwancinta bayan La'asar, a keken jakin mai sayen tsoffin ƙarafa. Zaman makoki a rumfar ƙofar gida. Ana roƙon tsoffin ɗaliban Ustaz su yi ta'aziyya su wuce, ban da tambayoyi. Hajiya ta ƙaura ɗakin da ya fi nisa da madafa. Mai neman Ustaz zai same shi a tsakar gida, a tsugune gaban murhun gawayi da mafici a hannu. Hawayen da za a gani a idonsa rabi ne kawai na rashi.