Dalmar da Na Kai wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a tsakiyar asibiti na ja wa kaina Allah ya isa, da bakina, a gaban surukina.

Lokacin ina sayar da kayan mota a Nguru, ban daɗe da auren Hajara ba. Mahaifinta, Baba Maina, masunci ne a Dagona, ni kuma neman shiga nake wurinsa ido rufe. Da na ji yana shan wahalar samun dalmar da yake maƙala wa birginsa, wato ragar kamun kifi, don ya nutse a ruwa, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Duk wata sai na ɗaure mataccen batirin mota a bayan babur na kai masa. Ya fasa, ya narka dalmar a zaure, ya riƙa datse ta a bakin ragar da haƙoransa, yana sa mini albarka. Ni kuwa kaina sai fasuwa yake.

Ana haka ciwon ciki ya kama shi, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na ce tsutsar ciki ce (na taɓa jiran kemis na wata uku, kun ga ai na zama likita), na yi ta ɗura masa maganin tsutsa har shekara ta zagayo. Baba ya rame, hannunsa ya kasa riƙe sandar tuƙa jirgi. Hajara kullum kuka, ni ma tsoro ya kama ni, muka ɗauko shi zuwa asibiti.

Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ciwo biyu ne. Akwai tsargiya, wadda ya ɗauko a ruwa. "Sannan ga alamar guba a jininsa."

Ban bari ya ƙarasa ba na yi zumbur na miƙe. "Guba? Wane azzalumi ne zai cuci tsohon nan? Allah ya isa! Ko waye ba mu yafe ba!" Har masu jinya suka leƙo.

Likita ya ɗaga leɓen Baba, ya nuna mana wani baƙin layi a dasashinsa. "Baba, kana aiki da dalma?"

"Da ita nake wuni, Likita."

"A ina kake samu?"

Baba ya nuna ni yana fara'a. "Ga shi nan, mijin 'yata. Ɗan albarka, bai taɓa fashi ba."

Na so ƙasa ta tsage na shige. Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska, har yau ban san kuka take ko dariya ba.

Aka fara da maganin tsargiyar, aka duba ƙodarsa, sannan aka aika Kano aka kawo wanda ke janyo dalmar ta fita ta fitsari. Sai da ya yi watanni kafin ya koma ruwa. Ranar da na je ba shi haƙuri, da filaya sabuwa a hannuna don ya daina datse dalma da haƙori, na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Haba ɗan nan, ni kam na yafe tuni. Kai ne ka ce ba ka yafe ba, sai ka je ka roƙi kanka."

Tun daga nan, in aka ce an yi ɓarna, sai na fara laluba bayan babur ɗina kafin na buɗe baki.