Surukin da Ya Tsare Mutuncin Shanu

Wani ne, ba zan faɗi sunansa ba, don uwarsa tana raye kuma tana da hawan jini. Ɗan birni ne daga Omaha ta ƙasar Amurka, da can kafet yake sayarwa. Ya auri Marlys, 'yar Orval Vondra mai shanu a bayan rafi. Yaro mai ladabi, Allah ya sani. Zai buɗe miki ƙofar mota, zai yabi miyarki ko ta ƙone. Kan ne dai aka rufe ba a zuba komai ba.

Shekarar da aka yi farin nan, Orval ya faɗo daga kan tarakta ya karya ƙugu, daidai lokacin barbarar shanu. Kun dai san yadda abin yake. Saniyar da ba ta ƙoshi ba, ba ta ɗaukar ciki. In ba ciki ba maraƙi, in ba maraƙi gona ta koma hannun maƙwabta. Likita ya ce Orval sai ya kwanta a asibiti har kaka. Matarsa Delphine tana jinyarsa. Marlys tana aiki a gidan waya, ta fita da sassafe ta dawo a gajiye. Wa ya rage? Suruki.

Orval ya kira shi bakin gado.

"Saurara da kyau, yaron nan. Ciyawa ta ƙone, sai an ba su a komi. Masara, dusa, ingirici, baƙar zumar rake, ka gauraya su sosai. Garin gishirin nan na jan buhu kuwa, shi ke sa su ɗauki ciki. Tafi ɗaya kowane kai."

"Kowane kai, Baba."

"Kuma kada ka bar komai ya dame su in suna ci."

"Komai, Baba."

Da ya fita, Orval ya dubi matarsa. "Ya gane kuwa?"

Delphine ta ce, "Ya dai maimaita. Aku ma yana maimaitawa."

Washegari Lyle Hruska, maƙwabcinsu, yana wucewa a motarsa, sai ya hango mutumin ya taka bokiti, ya riƙe kunnen wata jar saniya, yana shafa mata wani baƙin abu a tsakar ka.

Lyle ya tsaya. "Kai, ɗan birni! Kitso kake musu?"

"Magani nake ba su. Baba ya ce tafi ɗaya kowane kai."

"A abinci ake zubawa, bawan Allah! Ta baki yake shiga!"

"Da baki yake nufi, da baki zai ce. Baba ba ya magana a karkace."

"To mene ne wannan mai danƙo?"

"Iska ce ke kwashe garin, shi ne na kwaɓa shi da zuma. Dabarata ce."

Lyle ya buɗe baki zai yi magana, sai ga shanun sun ji ƙanshin zuma. Wannan ta lashi kan wannan, waccan ta lashi kan waccan, garke ya zama kamar mata a shagon gyaran gashi.

Mutumin ya ce, "Ka gani? Ga shi yana shiga ta bakin da kake ta ihu a kai."

Lyle ya ja mota sai shagon shan kofi. Kafin rana ta take tsaka, har wanda ya kurumce ya ji labari. Ba a yi sati ba, duk shanun Orval suka yi sanƙo kamar dattawan coci.

Sai batun gaurayawa. Akwai babban injin da tarakta ke ja, wanda ke juya abincin. Surukin ya hau, ya taɓa wannan ƙarfe, ya ja wancan, injin ya yi tari ya amayo masa masara a ka har wuya. Ya fito yana kakkaɓe kunne, ya zauna yana tunani. Me kuma ke juyawa a gidan nan?

Injin wankin Delphine.

Haka ya yi ta yi, bokiti-bokiti, safe da yamma. Ranar Asabar Delphine ta zo daga asibiti a gajiye, ta jefa rigarta ta zuwa coci a ciki ba ta ko leƙa ba. Rigar dama ruwan ƙasa ce, ba ta nuna komai ba. Ranar Lahadi ta saka, ta nufi mota, ta ji numfashi a bayanta. Ta waiga. Shanu ne sun yi layi a bakin shinge, ɗaya ta miƙo wuya ta riga ta cinye rabin aljihun.

Ta dai je cocin, don Delphine ba ta fashi. Ni ce a gefenta, ni na san abin da na shaƙa. Ƙudan garin nan kaf sun zo ibada ranar. Matar fasto ta sunkuyo ta ce, "Delphine, sabon turare ne?"

Delphine ta ce, "Na surukina ne. In kina so in aiko miki da shi. Surukin nake nufi."

Ta koma gida ta same shi.

"Me ka zuba min a injin wanki?"

"Abincin shanu, Mama."

"Abincin shanu!"

"Kada ki damu, ban sa sabulu ba. Kuma a wankin kaya masu laushi na saita shi."

Amma fa a faɗi gaskiya, shanun sun ci sun ƙoshi. Suka yi ƙiba, suka yi sheƙi, ciki ya yi tulu. Kullum surukin yana buga wa Orval waya.

"Baba, cikin kowacce ya fito!"

"Dukkansu?"

"Har da wadda ka ce ta tsufa."

Orval ya yi ta gaya wa masu jinya cewa ya yi wa yaron mummunan zato. Har ya ce a sayo masa hula irin ta makiyaya.

Kaka ta yi. Orval ya dawo yana dogara sanda. Aka kira likitar dabbobi, Dokta Pokorny, ta duba cikin. Kowa ya fito, har da Lyle da ba a gayyata ba. Surukin ya tsaya a gaba da sabuwar hularsa, yana murmushi kamar shi ya haife su.

Likita ta zura safar hannu har kafaɗa. Aka shigo da saniyar farko. Ta laluba.

"Babu."

Aka kawo ta biyu.

"Babu."

Ta uku, ta huɗu, ta biyar. Babu, babu, babu. Tun Orval yana tsaye har ya nemi bokiti ya zauna.

"Dokta, ki sake dubawa. Dubi cikin nan fa!"

"Orval, kitse ne. Ban taɓa ganin shanu masu lafiya irin waɗannan ba. Ko saura kwana ɗaya su haihu ba za su fi haka girma ba. Amma ba kowa a ciki." Ta cire safar, ta duba hagu ta duba dama. "Wai ina bijiminku?"

Sai aka ji wani gurnani daga tsohuwar rumfar da ke can bayan rumbu, ana dukan katako kamar za a rushe duniya.

Mutumin ya gyara hula. "Yana can. Na kulle shi tun ranar farko."

Orval ya ce, "Ka yi me?"

"Kai ka ce kada in bar komai ya dame su in suna ci, Baba. Wannan kuwa ba shi da tarbiyya. Baiwar Allah tana cin abincinta, sai ya lallaɓo ta baya ya ɗare ta. Da rana tsaka! Tagar ɗakin Mama a buɗe!"

Lyle ya kama shinge ya durƙusa don dariya. Likita ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

"Amma ban zalunce shi ba," in ji surukin. "Shi ma ina shafa masa tafi ɗaya a ka."

Orval ya miƙe, ƙugun da likita ya ce a lallaɓa ya manta da shi.

"Kai, don iyayenka, in bijimi yana kulle, ta ina cikin zai shiga?"

"Ai kai ka ce garin jan buhu ne ke sa su ɗauka."

Orval ya ɗaga sanda sama. Marlys ta yi wuf ta riƙe hannunsa.

"Bar shi, Baba. Ni ma tun da muka yi aure kullum safe yake ba ni bitamin, ya koma gefe yana jira."