Ranar da Na Kai Ba Kyari Ƙara Kan 'Ya'yan Tarwada

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai maƙwabcina ƙara gaban Bulama, mai garinmu, saboda kifi.

Lokacin Faransa ke mulki, Diffa kuwa ƙauye ce a bakin kogin Komadugu. Na zo daga Damagaram ina sayar da shayi da sukari. Wata rana na kai kaya Maine-Soroa, gidan wani Bature likitan dabbobi, sai na ga akwatin gilashi cike da ruwa a ɗakinsa, ƙananan kifaye suna yawo a ciki. Kukunsa ya ce mini har haihuwa suke yi a nan. Kafin in iso gida na gama shirya komai a raina: in rani ya yi, kogi ya ƙafe, kowa na cin busasshen kifi, ni kaɗai ke da ɗanye.

Gilashi babu, sai na ƙwace babbar randar matata Hadiza. Ba Kyari, wato Baba Kyari, dattijon masunci Babarbare wanda zana kaɗai ta raba gidajenmu, shi ya kawo mini 'ya'yan tarwada talatin a ƙwarya, kyauta. Shi ne ma ya yanka mini filin da na zauna lokacin da na zo baƙo.

Ina ba su dusa da gara, ina canja musu ruwa, kowace Juma'a ina ƙirga su. Maimakon su ƙaru, sai na ga ashirin da huɗu. Can sai goma sha biyar. Na tsare Hadiza, ta rantse ba ta taɓa su ba. Na ɗora faifai da dutse don kyanwa, duk da haka suka koma bakwai.

To, wa ke shigowa gidan? Ba Kyari ne, kullum da safe ya zo gaisuwa, ya leƙa randa, ya yi murmushi. Rannan kuma na ji ƙanshin miyar kifi daga gidansa. (Masunci ne fa, jama'a! Me zai dafa, duwatsu?) Hadiza ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah, mutumin nan uba ne gare mu." Na ce ta yi mini shiru.

Bayan la'asar, ga mutane cike ƙarƙashin tsamiya, na durƙusa na ce, "Allah ya ba Bulama nasara, wanda ya ba ni kifi da hannun dama shi ke kwashewa da hagu."

Ba Kyari ya dube ni. Sai ya ce, "A ɗauko randar."

Aka ɗauko, aka juye a daro. Saura huɗu, ɗaya ta kai kaurin damtsena. Ba Kyari ya kama ta, ya zaro wuƙa ya tsaga cikinta. Sai ga 'yan'uwanta biyu kwance a ciki, ko narkewa ba su gama ba.

"Ɗana," in ji shi, "tarwada in ta fi 'yar'uwarta girma, cinye ta take yi. Matan da ke wanki a bakin ruwa ma sun sani. Na ga kana murna ne, shi ya sa ban so in ɓata maka ba. Da ka tambaye ni."

Wurin ya kece da dariya, har Bulama ya rufe baki da rawani. Ba Kyari kaɗai bai yi dariya ba. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige.

Washegari na kai masa goro na ba shi haƙuri. Ya karɓa, ya ce babu komai. Amma ƙafarsa ba ta sake taka gidana ba. Da damina ta wuce ya koma Gagamari wurin ɗiyarsa, can ya rasu, sai bayan kwana uku labari ya iso ni.

A kasuwa shekara da shekaru "Sarkin Ruwa" ake kirana, kuma na cancanta. Tun daga nan, in abu ya ɓace mini, sai na juye tawa randar tukuna kafin in ɗaga ido in dubi gidan wani.