Dokin da Na Hana Zufa

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, surukina ya bar mini amanar dokinsa ya tafi Kamba jinya. Ni da na taɓa firamare, sai na yanke hukuncin cewa zufa ce ke ramar da doki. Na hana shi kanwa, na rage masa ruwa, na ɗura masa dawa.

Ranar kasuwar Lolo, ana zafin damina kamar tururin tukunya. Dawakin mutane sun jiƙe sharkaf, nawa a bushe ƙamas. Na ce wa abokina Sani, "Ka ga aikin boko?"

Ya taɓa wuyan dokin ya fizge hannu. "Kai mahaukaci! Wanga doki dahuwa shika yi daga ciki!"

Bai rufe baki ba dokin ya durƙushe gaban masu fura. Matan suka yi ta sheƙa masa ruwa suna zagina har ya miƙe. Ba halin hawansa, ni na ɗauko sirdi a ka har gida, ina tsiyayar zufa.

Surukina bai sake ba ni ko akuya ba. Har yau in na share goshi, sai wani ɗan banza ya ce, "Likita, a rage maka ruwa?"